Narambaɗa a Gidan Gaba

A cikin wayata akwai waƙoƙin Narambaɗa goma sha wani abu. Shekara uku ke nan da na biya wani mai turi a kasuwa ya zuba mini su, haɗe da na Ɗanƙwairo da Jankiɗi da Ɗan Anace. In ana hirar waƙa a majalisa nakan ce ni ta gargajiya nake ji, har in ɗan taɓe baki idan an ambaci 'yan fiyano. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, a duk shekarun nan ban saurari ko ɗaya daga cikinsu tun daga farko har ƙarshe ba. Nakan kunna, in ji gindin waƙar, in gyaɗa kai, saƙo ya shigo, shi ke nan. Sai ranar da bikin wata 'yar'uwata ya kai ni Kebbe.

Motar haya na shiga daga Sakkwato, wata tsohuwar Golf mai zuwa Kebbe ta Tambuwal, an yi mata lodin mutum biyu a gidan gaba, huɗu a baya. Ni da wani dattijo mai fataucin albasa muka matsu a gaba. A baya akwai wata Hajiya da jikarta, da wani malami mai carbi a hannu, da wani saurayi ɗan makaranta da ya toshe kunnuwansa da iyafis tun kafin a gama lodi. Muna fita gari direba ya soka memori a rediyon motar, ya ɗan laluba, sai kotso ya tashi.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne kiɗan kansa. Waƙar nan tana cikin wayata, na san farkonta, amma ban taɓa jin cewa kotso yana da ciki ba. Sifikar waya siririya ce, muryar makaɗi kawai take fitarwa, ta bar ganga kamar ana ƙwanƙwasa gwangwani. A mota kuwa, ko da sifikar ƙofa ta tsufa tana karkarwa, kana jin dukan hannu a kan fata, kana jin yadda ake matse tsarkiya sauti ya hau ya sauka. Kafin mu kai Boɗinga na gane cewa shekara uku ina sauraron rabin Narambaɗa ne.

Abu na biyu ya fi wannan girma: babu inda zan je. Ba ni da ikon tsallake waƙar, ba ni da ikon sauya ta, hannuna ɗaya ma yana maƙale a bayan kujera saboda matsi. Dole na ji ta duka.

Waƙar fada ba a gina ta don a tsinke ta ba. Tana da gindi, wato 'yan kalmomin da 'yan amshi ke komowa gare su, tana kuma da ɗiya, waɗanda jagora ke saƙawa ɗaya bayan ɗaya. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da sauran manazarta sun daɗe da fayyace wannan, kuma duk ɗalibin Hausa zai iya zana maka shi a takardar jarrabawa. Abin da takarda ba ta iya nunawa shi ne yadda gindin ke sauya nauyi a cikin tafiyar waƙa. Karon farko da ka ji shi, yabo ne kawai, irin wanda kowane maroƙi zai iya yi. Bayan makaɗi ya bi kakannin sarki ɗaya-ɗaya ya dawo kansa, sai ya zama maganar gado. Bayan ya juya kan wani ɗan sarki mai hanƙoron sarauta ya yi masa zambo, ya siffanta shi da wata dabba har mutane suka kwashe da dariya, sai 'yan amshi su sake dawo da gindin nan a karo na takwas ko na tara. Ko wasali bai canza ba, amma yanzu gori ne, yanzu rufe ƙofa ne a fuskar wanda aka yi wa zambon. Wannan shi ne aikin Narambaɗa, kuma ba ya faruwa a cikin daƙiƙa talatin.

Na faɗi daƙiƙa talatin ne don a nan yawancinmu muke haɗuwa da shi yanzu. A TikTok da sitatus na WhatsApp ana yanko ɗa guda, galibi mai zambo ko mai wata magana ta hikima, a ɗora shi a kan bidiyon wani yana taku da babbar riga, ko a jefi wani ɗan siyasa da shi. Ba na cikin masu cewa wannan ɓarna ce zalla. Mutumin da ya fi shekara sittin a ƙasa, ga shi yara 'yan shekara goma sha biyar sun san sunansa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai wanda suka sani wani Narambaɗa ne daban, tsoho mai sakin karin magana. Maginin da ke ɗora tubali a kan tubali har waƙa ta tsaya da ƙafarta, wannan ba su gamu da shi ba. Ko Bakandamiya, wadda a cikinta yake bugun ƙirji da gwanintarsa, bugun ƙirjin ba ya cika sai ka bi ta ka ga yana aikata abin da yake faɗa. In ka yanko alfaharin kaɗai, cika baki ka yanko.

Muna tsakanin Boɗinga da Shagari dattijon nan ya zunguri direba.

"Maido muna wurin ga baya kaɗan. Kun san wa shika nuhi nan?"

Ba wanda ya sani. Ya gyara zama iyakar yadda matsi ya bari, ya kawo labarin wani ɗan sarki da abin da ya haɗa shi da Sarkin Gobir na Isa Amadu, ubangidan Narambaɗa. Direba ya ce ba haka ya ji daga bakin mahaifinsa ba, ya kawo nasa. Hajiya daga baya ta ce duk su biyun sun ɓata, ai ba ɗan sarki ba ne, bafade ne. Ban ɗauki ko ɗaya a matsayin tarihi ba, kuma ba zan maimaita su a nan ba. Abin da ya dame ni shi ne, zambo ba ya ambaton suna, don haka rabin ma'anarsa ba ta cikin faifai, tana bakin mutane. Memori na iya ajiye murya shekara da shekaru. Wanda zai ce maka “ka san wa ake nufi?” shi ne ke ƙarewa, kuma ba a tura shi ta Bluetooth.

Akwai kuma maganar harshe. A wurin mutanen cikin motar nan, Hausar Narambaɗa da Jankiɗi ba wata tsohuwar Hausa ba ce mai neman ƙamus. Ita ce suke sayen goro da ita. Inda ɗan Kano ko ɗan Kaduna zai tsaya yana tambaya a ƙarƙashin bidiyon YouTube, ko ya rubuta kalmar a karkace ya ba ta wata ma'ana da ba tata ba, su dariya suke yi tun kafin jimlar ta ƙare. Littafin da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya rubuta a kan Narambaɗa ya taimaka wa irinmu da boko ya goge wa kunne, amma karanta barkwanci da bayaninsa a gefe daban yake da jin sa a tsakiyar waɗanda abin ya kama.

Kada in mayar da abin kamar duk waƙar da ta tsufa zinariya ce. Direba ya sako Ɗanƙwairo bayan Shagari, kuma a cikin abin da muka ji akwai ɗiyan da ba komai a cikinsu sai jerin sunayen waɗanda suka ba da riga da doki da kuɗi. A ranar da aka yi waƙar, a gaban masu sunan, wannan wuri yana da zafi. Yau sanyi gare shi, kuma ko dattijon ya juya yana kallon gonaki. Abin da ke ceton Ɗanƙwairo a irin wannan wuri shi ne 'yan amshinsa. Ban san wata ƙungiya da ke karɓar magana daga bakin jagora kamarsu ba: ya fara jimla su ƙarasa, su ƙara nasu, ya dawo ya tarar da su a gaba. In Narambaɗa da kalma yake kama ka, Ɗanƙwairo da taron muryoyi yake yi, shi ya sa ya fi kowa dacewa da hanya, har jikar Hajiya ta kama amshin ba tare da ta san me take cewa ba. Jankiɗi kuwa, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya rasu a 1973, shi mota ta zalunta. Waƙarsa mai nauyi ce, tana tafiya a hankali kamar hawan sarki, ɗaukar da ke cikin memorin kuma ta dushe, iska da ƙarar inji suka cinye ta. Direba bai bari ta kai rabi ba.

Daf da Dogon Daji malamin da ke baya ya yi gyaran murya.

"Malam direba, don Allah a sassauta muna kiɗin ga. In akwai karatu a sa muna."

Direba ya rage sauti nan take, ba musu. Dattijo ya ce, "Allah gafarta Malam, ai wagga ba ta banza ba ce." Malam ya ce bai ce ta banza ba ce, amma kiɗa kiɗa ne. Aka ɗan ja, cikin ladabi, aka tsaya a kan cewa za a sa karatu har Tambuwal, inda Malam zai sauka.

Na ji daɗin wannan gardama fiye da yadda na zata, don tsohuwa ce, kuma a ƙasarta ake yin ta. Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi sun yi rubutu a kan kayan kiɗa, wanne ya halatta, wanne bai halatta ba, kuma a wane hali. Amma gidan nan nasu gidan waƙa ne. Tambuwal ɗin da muka nufa, Muhammadu Buhari ɗan Shehu ne ya zaune ta a matsayin ribaɗi, shi kuwa an san shi da waƙar Larabci. Dogon Daji da muke ratsawa ta zuriyarsa ce, a nan aka haifi Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da matan karkara: jajoji su jagoranci 'yan taru su zo daga ƙauyuka, su hardace, su koma su rera wa waɗanda ba su samu zuwa ba. Wato ko ɓangaren da Malam ya tsaya a kai, waƙarsa a kan hanya ta yi rayuwa, kuma a cikin taro. Da kowannenmu da iyafis a kunne, da Malam bai ji abin da zai yi magana a kai ba, da dattijo bai kare komai ba, da ni kuma ban tuna da Buhari ba.

Su kansu makaɗan ai matafiya ne. In an kawar da amfanin gona sai su ɗauki kayan kiɗa su shiga yawo, gari-gari, fada-fada, su sauka gidan mai gari ko na wani attajiri, su yi kwanaki. Shi ya sa waƙoƙinsu cike suke da sunayen garuruwa da gulabe da mashigai. Wanda ke kwance a ɗaki sunaye kawai yake ji. Wanda ke kan hanya yana iya ɗaga kai ya ga allon garin.

A Tambuwal muka tsaya salla da cin abinci. Garin yana kan babbar hanyar da ta wuce Jega da Yawuri ta gangara kudu, don haka bakin titi bai rabuwa da manyan motoci. Na tsaya ina kallon bayan wata gingimari da aka yi wa zane: zaki ya danne barewa, dawisu biyu a gefe, masallaci mai koren ƙubba a sama, dagi a kowace kusurwa. Zakin ya fi kama da kyanwar da ta ƙoshi, amma wanda ya zana dawisun ya san aikinsa, ya bi gashin jela ɗaya-ɗaya da haƙuri. Ba sunan mai zanen a jiki. Mukan ce ba mu da gidajen nuna zane a ƙasar nan, alhali zanen ne ke biyo mu a kan titi, mu ne ba mu ɗaga ido. In ka haɗa da ƙwaryar da aka yi wa sassaƙa a kasuwa, da aikin dukawa a kan jar fatar akuyar Sakkwato, da zayyanar allon mai sauka, za ka ga abin kallo bai yi mana kaɗan ba. Wannan magana ce ta wata rana.

Da muka bar kwaltar Jega muka karkata kudu zuwa Kebbe, saura mu biyar, direba ya sako Ɗan Anace, waƙar Shago. A nan ne saurayin nan ya cire iyafis ɗaya.

Na daɗe ina jin 'yan boko suna neman abin da za su kira opera ta Hausawa. Opera dai wasan kwaikwayo ne da ake rera shi da waƙa tun daga farko har ƙarshe, da makaɗa masu yawa a gaban dandamali. A Italiya ta fara wajen shekarar 1600, ta bazu har ta iso Afirka: a Alƙahira aka fara nuna Aida ta Verdi a 1871, a Bamako kuma aka nuna Bintou Wéré a 2007, wadda aka rera da harsunan yankinmu na Sahel, a kan matasa masu ratsa hamada don neman shiga Turai. Na kalli guntayen irin waɗannan a waya, wasu sun taɓa ni ko da ban ji harshen ba. Amma ba na son a ce Ɗan Anace opera yake yi, kamar sai an ba shi sunan Turawa zai yi daraja. Muna da namu wasannin da suka haɗa kwaikwayo da waƙa, irin tashe da wasan gauta da na 'yan kama, kowanne da sunansa.

Duk da haka kwatancen yana da amfani ta fuska ɗaya. Waƙar Shago labari ce mai mutane a ciki. Akwai jarumi, akwai abokan karawa irin su Ɗandunawa, akwai makaɗin kansa da ke shiga labarin ya yi magana da ɗan dambensa, ya zuga shi, ya tsorata shi, ya ba da amsarsa da wata murya. Akwai mutuwa tana zagaye filin tun daga farko. Kalangu yana yin abin da labule da fitila ke yi a dandamali: shi ke gaya maka an shiga fili, shi ke gaya maka an kai wani ƙasa. Mutum ɗaya da 'yan amshinsa suna ɗauke da abin da a wata ƙasa sai an tara mutum hamsin. Bambancin shi ne, su can da suka ga suna da dogon labari mai waƙa, sai suka gina masa gida, suka sa ƙa'ida: ka sayi tikiti, ka zauna awa uku, ka kashe waya, in harshen baƙo ne a rubuta maka fassara a saman dandamali. Mu gidan da muka yi wa namu shi ne ƙofar fada da dandali da filin dambe bayan kaka da gonar gayya. Waɗannan wurare suna ta raguwa, ba mu kuma gina wani a madadinsu ba. Abin da ya rage mana mai kama da wancan zaure, inda za a kulle ka da baƙi na awa biyu a sa ka ji abu ɗaya tare da su, shi ne motar haya. Tikitinma ana saye, a hannun ɗan kamasho.

Daga Ɗan Anace memorin ya faɗa kan Gambu da kansa, ba wanda ya zaɓa. Gambu mutumin Fagada ne ta ƙasar Kebbi, ba nisa da inda muke, kuma ya yi suna da waƙar ɓarayi kafin ya bar ta a ƙarshen rayuwarsa. Ya rasu a 2016. Na tashi ina jin manya suna sauraronsa suna riƙe ciki don dariya, kuma ni ma na sha kare shi a gardama: ba koyar da sata yake yi ba, asirin ɓarawo yake tonawa, kuma a iya ba da labari da sarrafa harshe kaɗan ne suka kamo shi. Har yanzu ina kan wannan ra'ayi. Amma a kan hanyar Kebbe, yankin da matsalar 'yan bindiga ta taɓa a 'yan shekarun nan, da rana ta fara karkata, kowa yana satar kallon daji ta gefen ido, ba wanda ya yi dariya. Hajiya ta ce, "Ɗan nan, sauya muna wagga." Direba ya sauya bai ce uffan ba.

Waƙar ba ta canza ba, gwanintar tana nan. Ɓarawon Gambu mai haura katanga da dare ne, wanda in an kama shi a yi masa dukan kawo wuƙa gari ya samu abin hira. Wanda muke tsoro a hanyar nan wani abu ne daban. A ɗakina, a waya, da na saurare ta na yi dariyata kamar kullum, ban san ta tsufa ta wannan gefe ba. Hanya ce ta nuna mini. Manazarci da ke yanke wa waƙa hukunci daga kan tebur yana bukatar ya riƙa tuna cewa wurin da aka ji ta yana shiga cikinta.

A Kebbe na tarar da biki kashi biyu. A waje an kafa rumfa da manyan sifiku, wani yaro da kwamfuta yana sako waƙoƙi. Har da wadda aka yi wa ango da amarya musamman a situdiyo, aka biya, aka turo ta waya. Na saurare ta da kyau. Muryar mai daɗi ce, an gyara ta da na'ura har ta yi santsi, an ambaci ango da amarya da iyayensu da abokan ango. Matsalarta ɗaya: in ka cire sunayen ka sa wasu, ba abin da zai ɓaci, kuma na tabbata haka ake yi. Wani zai ce ai Narambaɗa ma don a ba shi yake yi. Gaskiya ne, ba kyauta ya yi wa kowa waƙa ba. Amma ya zauna da ubangidansa shekara da shekaru, ya san abokan gabansa, ya san abin da ke hana shi barci. Wanda ya yi waƙar bikin nan jerin sunaye aka aika masa ta WhatsApp.

Ba ina nufin zamani bai haifi kowa ba. Aminu Ala yana da numfashin doguwar waƙa, Naziru Sarkin Waƙa ya sha daga rijiyar makaɗan fada kuma ana jin haka a bakinsa. Waƙoƙin soyayya irin na Hamisu Breaker kuwa don waya aka yi su, minti huɗu ne, sun san girmansu, kuma mai kyau a cikinsu tana cika minti huɗun nan ba gibi. Ba ni da faɗa da gajeriyar waƙa. Faɗana da mai yanka doguwa ne don ta shiga aljihu, kuma na riga na faɗa muku ina cikin masu laifin.

Kashi na biyu na bikin yana cikin gida, inda ban isa in shiga ba sai da wata gwaggona ta ja ni zaure na biyu don in gaida tsofaffi. Daga nan nake jiyo mata sun kifa ƙwarya a ruwa suna kaɗawa, wata tsohuwa tana bayarwa ana karɓa mata. Tana saka sunayen mutanen gidan, tana tsokanar dangin ango, ta taɓo wata tsohuwar rigima ta gado da kowa ya sani ba mai faɗa, aka yi shewa. Ba wanda ya ɗauka a waya, kuma ko an ɗauka ba za ta yi ma'ana ga wanda ba ɗan gidan ba. A duk abin da na ji a tafiyar nan, ita ce ta fi kusa da abin da Narambaɗa ke yi a Isa. Kafin isha'i an tashi, ciki da waje. An ce mini yanzu ba a kai dare.

Da na dawo Sakkwato na yi niyyar gyara halina. Bayan sallar isha'i na sa waya a cikin kwanon silba don sauti ya ƙaru, na kira yaran gida, na kunna Narambaɗa. Babban ya zauna don kunya, ƙaramar ta tambaye ni ko wa'azi ne. Na fara yi musu bayanin zambon sai na ga ashe abin da nake da shi guntun labarin dattijon albasa ne, wanda ni kaina ban yarda da shi ba. A minti na huɗu aka kira ni a wayar, waƙa ta tsaya, kafin in gama magana falo ya watse. A mota ba wanda ya fi ni son waƙar, amma ba wanda ke da ƙofar fita. A gida kowa yana da tasa a tafin hannu.

Ban ce dole sai an shiga mota ba. Gidajen rediyo irin Rima da na Tarayya a Kaduna sun daɗe suna sako waɗannan waƙoƙi, kuma har yanzu akwai teburan mai shayi da rumfunan teloli inda ake barin waƙa ta kai ƙarshenta ana gardama a kanta. Sassan Hausa na jami'o'inmu ma za su iya ware yamma ɗaya a wata, a tara mutane a zaure, a sa waƙa ɗaya tak da sifika mai kyau, a gayyato tsoho ɗaya daga Isa ko Maradun ya zauna a gaba. Ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Yana bukatar a yarda cewa sauraro aiki ne da ake ware wa lokaci.

Saurayin nan mai iyafis, kafin ya sauka a Kebbe, ya tambayi direba sunan mai waƙar damben. Ya rubuta a wayarsa. Ko ya neme ta, ko ya ji ta duka, Allah masani.

Wata mai zuwa akwai suna a Dogon Daji, na wani abokin aiki da ba lalle ne in je ba. Na ce ina zuwa. Na kira direban, don na karɓi lambarsa, na ce ya ajiye mini gidan gaba. Ya ce to, sai dai memorin nan ya lalace, ya kai an zuba masa wani, bai ma san abin da yaron ya tura a ciki ba. Na ce kada ya damu, duk suna cikin wayata, ya dai nemo igiyar da za mu haɗa.